Ɗan Hakin da Ke Bakin Salansa

 Gaisuwa ta musamman ga manoma da bakanikai da 'yan acaɓa na Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, da na Bakori da Ɗanja da Funtuwa, da duk inda muryarmu take kaiwa. Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Yashe da asuba ya san cewa ƙasar nan tamu da ƙarar inji take tashi. Babur ne ke kai taki gona, injin ban ruwa ne ke riƙe da tumatir da albasa da alkama a fadama, injin casa ne ke raba masara da totuwa, janareta kuma shi ne wutar mai shago da mai cajin waya. A jikin kowane ɗaya daga cikinsu akwai wani ɗan abu da bai kai faɗin tafin hannun yaro ba, wanda yake zaune tsakanin kan inji da bakin salansa. Bakanikai suna ce masa gaskit. Maganar shirinmu na yau guda ɗaya ce: an ƙera gaskit ɗin salansa ne domin ya lalace a madadin kayan da suka fi shi tsada, saboda haka duk ranar da aka kwance salansa, haƙƙin injin ne a sa masa sabo, kuma irin wanda ya dace da shi. Wanda ya yi tsimi a wannan wuri, zai biya a wani wurin da ya fi ciwo.

Bari mu fara da aikin da yake yi, domin wanda ya san aikin abu ba ya raina shi. Injin ban ruwa irin na Honda GX160, da 'yan'uwansa ƙirar Sin da suka cika kasuwanninmu, yana juyawa har sau 3,600 a minti ɗaya idan an ba shi wuta sosai. Da yake sai ya yi juyi biyu wuta take tashi a cikinsa sau ɗaya, hayaƙi yana fita sau 1,800 ke nan a minti, wato sau 30 a kowace daƙiƙa. Ƙaramin janaretan nan na Tiger da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, shi a kowane juyi wuta take tashi, yana kuma juyawa wajen sau 3,000 a minti, hayaƙinsa yana bugun bakin salansa sau 50 ke nan a daƙiƙa. Wannan hayaƙi a injin mai bawul, idan yana ɗauke da kaya, zafinsa yakan haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, alhali a digiri 100 ruwa yake tafasa. To, kan injin da alminiyon aka yi shi, bakin salansa kuwa da baƙin ƙarfe. Idan zafi ya taɓa su, alminiyon yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe yake buɗewa, idan sun huce kuma kowa ya koma a nasa ma'aunin. Ƙarafa biyu masu hali daban, suna gogar juna safe da yamma cikin zafi da girgiza, ba za su taɓa haɗa baki su rufe ruf ba sai an sa musu wani abu mai laushi a tsakani. Gaskit shi ne wannan mai shiga tsakani. Idan aka ɗaure noti, sai ya lotse ya cike duk wani ɗan rami da ido ba ya gani.

A cikin wannan lotsewa amfaninsa yake, a cikinta kuma iyakar ransa take. Zoben da ake sa wa babur irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, yawanci jan ƙarfe ne da aka naɗe wani abu mai jure wuta a cikinsa, ko kuma saƙar waya da aka cuɗa da girafait, wato baƙin abin nan mai sheƙi da ke cikin fensir. Ranar da aka fara ɗaure shi ya ɗauki siffar wurin da ya zauna, zafi kuma ya gasa shi ya ƙeƙashe a kan wannan siffa. Idan aka cire shi aka mayar, da wuya ya koma daidai inda ya tashi, laushin da zai sake lotsewa da shi kuwa ya riga ya ƙare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hayaƙi mai zafi idan ya sami kafa ko da ta kai siririn gashi, nan zai riƙa bi dare da rana yana faɗaɗa ta. Da farko gaskit ɗin zai ci, daga nan ya fara zaizayar fuskar alminiyon ɗin kanta. Da gaskit ya zube, sai salansa ta sami wurin rawa, girgiza ta sassauta noti, nauyin salansa ya koma kan ƙusoshin nan biyu da suke dashe a kan inji, har ɗaya ta karye a ciki ko tiredinta ya cinye. Duk bakaniken da ya taɓa haƙo karyayyar ƙusa daga cikin alminiyon ya san cewa aikin wuni ne, wani lokaci ma sai an sayi sabon kai. Allura ke nan ta tono garma.

Mai sauraro zai iya cewa, ai injina ya shekara yana huci ta bakin salansa, kuma bai taɓa ƙin tashi ba. Wannan magana tana da gaskiyarta, kuma bai kamata mu ƙara wa miya gishiri ba. Babur mai bawul ko injin ban ruwa da gaskit ɗinsa ya huje zai ci gaba da aiki, ƙarin man da zai sha ta wannan dalili kuma ba mai yawa ba ne. Abin da mai shi zai ji shi ne ƙara da ɗan tas-tas idan ya saki totur, saboda iska tana kutsawa ta kafar ta haɗu da ragowar man da bai ƙone ba. Amma labari ya sha bamban a injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, irin ƙaramin janareta da injin feshi na goyo da injin yankan itace. Waɗannan ba su da bawul. Fistin ne da kansa yake buɗe ƙofar hayaƙi ya rufe, kuma akwai lokacin da ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi suke buɗe tare, don haka yadda salansa take riƙe hayaƙi yana da hannu a yawan sabon man da zai tsaya a cikin silinda. Idan bakin salansa yana yoyo, ma'aunin da aka tsara injin a kai ya tashi, ƙarfi ya ragu, wani ɓangare na man ya fita bai yi aikin komai ba. Tun daga 29 ga Mayu na 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, babu manomin da ke da litar da zai bar wa iska. Kuma ko a injin da bai nuna komai a tanki ba, ɓarnar tana tafiya a jikin ƙarfe. Tashin inji shaida ce cewa bai mutu ba tukuna, ba ta nuna lafiyarsa.

Wani abin da zai ƙara haskaka wannan batu yana can nesa da mu. A Turai da Amurka da Japan akwai masu tseren ƙananan motoci da ake tuƙawa daga nesa da rimot, motar da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya, amma injinta na gaske ne, yana shan wani mai da ake haɗawa da sinadarin metanol da naitirometen da man shafawa. Cikin injin bai wuce na ƙaramin cokali ba, amma yakan juya fiye da sau 30,000 a minti. Daga salansar wannan mota akwai ɗan siririn tiyo da yake kai matsin hayaƙi cikin tankin mai, shi yake tura man zuwa kafireto. Da gaskit ya huje, matsin ya ragu, mai ya yi wa injin kaɗan, ya ɗau zafi, yana iya ƙonewa cikin 'yan mintoci. Shi ya sa masu wannan wasa suke duba gaskit kafin su fita tsere, suna kuma ajiye na canji a cikin akwatinsu. Su da robar silikon ake yi musu nasu, domin hayaƙin irin wannan inji bai kai zafin na babur ba. Darasi biyu ne a nan. Na farko, mutanen da inji yake musu abin nishaɗi ba su raina wannan ɗan abu ba, balle wanda abincin gidansa yake rataye da inji. Na biyu, kowane inji da irin gaskit ɗinsa, abin da ya yi daidai a wani, a wani toka zai zama.

Wannan darasi na biyu shi ya kawo mu ga hujja mafi ƙarfi da ake kawowa, wato hujjar dabara. Za a ce bakanikenmu gwani ne, da kwalin sabulu ko guntun tif na taya yake yanka gaskit, inji kuma ya tashi. Babu mai musun basirar bakanikanmu. Da hannunsu injunan da suka tsufa suke ci gaba da ciyar da gidaje, kuma akwai wuraren da takarda mai kauri take aiki sarai, kamar bakin kafireto ko murfin gefen inji, inda zafi kaɗan ne. Amma bakin salansa ba ya cikin waɗannan wurare. Kwali yana ƙonewa tun zafi bai kai digiri 300 ba, robar taya kuwa tun kafin nan ta narke ta yi ƙauri. Gam ɗin silikon da ake matsowa daga kwalba, ko mai jure zafin ne, iyakarsa tana wajejen digiri 300, bakin salansar injin mai bawul kuma ya wuce nan. Jan ƙarfe sai ya haura digiri 1,000 yake narkewa, shi ya sa aka zaɓe shi. Idan inji ya tsaya a tsakiyar fadama ana tsaka da ban ruwa, shuka tana neman bushewa, babu wanda zai zargi mutum don ya yi dabarar da za ta kai shi yamma. Laifin yana farawa ne ranar da dabarar wuni ɗaya ta zama gyaran shekara. Haka nan ɗora sabon zobe a kan tsohon da ya maƙale a ciki, ko haɗa biyu don a cike giɓi, duk ƙara wa hayaƙi ƙofofin fita ne.

Akwai kuma masu ganin cewa maganin yoyo shi ne a ƙara ɗaure noti. Mutum ya sa sifana, ya ƙara mata bututu, ya danna da duk ƙarfinsa. Ƙusoshin bakin salansa a ƙananan injuna sirara ne, kaurinsu milimita 6 ko 8, kuma a cikin alminiyon mai taushi suke dashe. Ƙarfin da ya wuce kima ko dai ya tsinke ƙusar, ko ya tsigo tiredin, ko ya lanƙwasa leɓen salansar ya zama kamar baka, gefe da gefe sun matse, tsakiya ta buɗe. Daga ranar, ko gaskit na asali aka sa ba zai rufe ba sai an gyara leɓen. Gaskit mai rai matsi madaidaici yake buƙata, wanda ya mutu kuwa ko an taru a kan sifana ba zai farfaɗo ba.

Sai kuma ƙorafin jabu, wanda shi ma gaskiya ne. Za a ce kasuwa ta cika da kayan da ba su da inganci, sabon ma kwana kaɗan yake yi, to me ya sa za a jefar da tsohon? Amsa ita ce a koyi zaɓe, tunda ido da hannu suna iya rarrabewa. Malam mai inji, idan za ka sayo, tafi da tsohon, ko ka faɗi sunan injin da lambarsa, domin ƙirar babura ta yi kama da juna amma faɗin zobensu ya bambanta. Ɗora sabon a kan tsohon ka ga ko ramukan ƙusa sun hau daidai. Ramin tsakiya kada ya fi ƙofar hayaƙin ƙanƙanta, domin leɓen da ya leƙo cikin hanya shi wuta za ta fara ci, kuma yana shaƙe injin. Juya shi a hannu: na kirki yana da kauri iri ɗaya ko'ina, akwai ƙarfe ko saƙar waya a jikinsa, ba ya marmashewa idan ka murza gefensa. Idan saitin gaskit ka saya gaba ɗaya, ka lura cewa na salansa daban yake da na kafireto ko da siffarsu ta yi kusa, na takarda ba ya zuwa wurin wuta. Kuma ka riƙe mai shagon da in kaya ya ba da matsala zai saurare ka. Ko da mafi tsadar gaskit ka ɗauka, yana nan cikin mafi araha a kayan inji, bai kama ƙafar kuɗin sabon kai ba.

Zaɓe rabin aiki ne, saura ɗaurawa. A bar inji ya huce sarai kafin a taɓa noti, domin tiredin alminiyon ya fi saurin lalacewa da zafi. Idan noti ya yi tsatsa a jiƙa shi da kananzir ko mai, a ba shi lokaci. A ciro tsohon gaskit gaba ɗaya, a share fuskokin biyu ba tare da an karce su da bakin sukudireba ba, a ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe a kan leɓen salansa a ga ko ya karkace. A nan akwai kashedi: wasu gaskit, musamman tsofaffi, da asbestos aka yi su, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa tana jawo sankarar huhu, saboda haka a jiƙa kafin a kankare, kada a goge a bushe, kada a hura da baki, kada kuma a bar wa yaran gareji wannan aiki ba tare da an nuna musu ba. Wajen mayarwa, a rataya salansa a mazauninta na baya a sassauce tukuna, sannan a ɗaure notocin gaba bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, har su zauna daidai, daga ƙarshe a ɗaure na baya. Bayan inji ya yi aiki ya huce, a sake taɓa notocin, domin sabon gaskit yakan ƙara kwanciya. A injin haɗin mai kuma a riƙa wanke salansa, saboda idan baƙin dauɗa ya toshe ta, hayaƙi a kan gaskit yake huce haushinsa. Alamomin yoyo ba ɓoyayyu ba ne: baƙin shaci kamar na tukunya a gefen mahaɗar, ɗigar baƙin mai a ƙaramin janareta, da ƙarar cak-cak da ta fi fitowa da sanyin safiya.

Mai yiwuwa wani ya ce, ana fama da tsadar taki da matsalar tsaro, shi ne za a ɓata lokacin rediyo a kan zoben salansa? Da a ce ƙarfe kaɗai abin ya shafa, da an ba shi gaskiya. Amma a cikin hayaƙin inji akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, jinin ɗan Adam kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da a wurinmu nan da nan ake ɗora wa zazzaɓin cizon sauro. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana cewa fiye da mutum 400 suke mutuwa duk shekara ta sanadin shaƙar wannan iska bisa kuskure, ban da na gobara, tana kuma ba da shawarar a ajiye janareta a waje, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6. A ɗakunan niƙa da markaɗe ana jan bututun salansa a fitar da shi ta bango, mai injin ya saki jiki cewa hayaƙi yana waje. Idan gaskit ya huje, wani kaso yana fita a cikin ɗakin, inda mata da yara suke layi da ƙwaryarsu. A fahimce mu da kyau: sabon gaskit ba ya halatta kunna janareta a ɗaki ko zaure ko shago a rufe, wannan ganganci ne da rai ko da injin jiya aka sayo shi. Abin da gaskit yake yi shi ne ya tabbatar hayaƙi ya bi hanyar da aka yi masa. Ga kuma wuta. Lokacin kaka da hunturu, injin casa yana aiki ne a tsakiyar kara da ƙaiƙayi da harawa, wani wurin ma kusa da tarin auduga, tartsatsi ɗaya daga bakin silinda ya isa ya cinye wahalar damina. Ga kunne, wanda masana lafiya suka ce ƙarar da ta kai desibel 85 tana cutar da shi idan ana wuni a cikinta, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Saboda haka, jama'a, nauyin ya rabu gida uku. Mai inji ya daina cewa a mayar da tsohon don ya rage 'yan canji. Bakanike ya faɗa wa mai kaya gaskiya, ya nuna masa tsohon da ya ciro, ya kuma koya wa yaransa cewa sifana da hankali ake riƙe ta. Mai shago ya kawo na kirki, ya bambanta wa mai saye tsakaninsa da na banza, domin amana ce. Kafin a sauke injin ban ruwa fadama a noman rani, a tayar da shi da safe a fili, a kai hannu kusa da mahaɗar salansa ba tare da an taɓa ba. Idan an ji iska tana bugun tafin hannu, ko an ga baƙin shaci, a gyara tun a gida, a kuma ajiye na canji ɗaya a cikin jakar sifanu, domin a bakin rijiya babu shago. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, wannan kuwa haki ne da kuɗi kaɗan da rabin sa'a suke ɗauke shi. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a noma da sana'a.